Fada Yohanna Dzierzon (1811-1906): Firist ɗin da Ya Gano Asirin Sarauniyar Zuma

Jama'ar Allah, a wannan fitowa za mu ba da tarihin wani firist na ƙauye wanda ya rasu fiye da shekaru ɗari da suka wuce, wanda kuma masu kiwon zuma a ƙasashe da yawa suke kira uban kiwon zuma na zamani. Sunansa Fada Yohanna Dzierzon. Mutanen ƙasarsu suna furta sunan kamar Jarjon. Ba ya cikin jerin waliyyai, rayuwarsa kuma ba ta rasa tuntuɓe ba, kamar yadda za mu gani nan gaba. Amma Allah ya ba shi ido mai lura da haƙuri mai yawa, har ya gano wani asiri wanda ya gagari masana tun zamanin dā, watau yadda sarauniyar zuma take ajiye irin namiji a cikin jikinta shekara da shekaru, da yadda take sake shi ta haifi mace, ko kuwa ta riƙe shi ta haifi namiji. Ƙudan zuman da muke ɗaura wa amya a kan itatuwa da na Turai inda ya yi bincikensa jinsi ɗaya ne, ko da yake girmansu da halinsu sun ɗan bambanta. Saboda haka abin da ya gano yana faruwa a cikin kowace amya da ke bayan garinmu.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Yohanna ran 16 ga Janairu, 1811, a ƙauyen Lowkowitz kusa da garin Kreuzburg, a cikin lardin Silesiya. A wancan zamani lardin yana ƙarƙashin mulkin Furusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen Jamusawa. Yau yana cikin ƙasar Poland, ana kiran ƙauyen Lowkowice, garin kuwa Kluczbork. Iyayensa manoma ne 'yan Katolika, a gida kuma harshen Poland suke yi. Mahaifinsa yana kiwon zuma a cikin kututturan itace da aka rarake, a nan ne yaron ya fara saba wa ƙudan zuma.

A shekara ta 1822 aka kai shi babban birnin lardin, watau Breslau, wanda yau ake kira Wroclaw, domin ya yi makarantar sakandare. Daga nan ya shiga jami'ar birnin ya karanta tauhidi, ya gama a 1833. Aka naɗa shi firist ran 16 ga Maris, 1834, yana ɗan shekara 23. Ya yi aikin mataimaki na ɗan lokaci a ƙauyen Schalkowitz, sa'an nan a 1835 aka ba shi farish ɗin Karlsmarkt, wani ƙaramin gari inda ya zauna shekara 49. Bayan hidimar Misa da koyar da katekisim da ziyarar marasa lafiya, sauran lokacinsa duka a wurin zumarsa yake ƙarewa. Ya fara da amya 12 kawai.

Amyar da ake buɗewa

Matsalar farko da ya tarar ita ce wadda duk mai amya ya sani. Ƙudan zuma suna manne saƙarsu a jikin amya, ba wanda zai ga abin da ke ciki sai ya yanke saƙar ya lalata ta. A Turai ta wancan lokaci mutane da yawa sukan kashe ƙudan da hayaƙin farar wuta kafin su ɗebi zuma. Tun daga shekara ta 1838 Fada Yohanna ya fara ƙera amya ta katako mai ƙofa, ya jera ƙananan sanduna a samanta, yana barin tazara daidai tsakanin sanda da sanda, ta yadda ƙudan za su rataye saƙa ɗaya a kan kowace sanda. Da haka sai mutum ya iya zaro saƙa guda ya dube ta da kyau, ya mayar da ita wurinta ba tare da ya kashe ko ƙuda ɗaya ba.

Wannan dabara ta ƙara yawan zumar da ake samu, amma ga Fada Yohanna babban amfaninta shi ne ta zama masa taga. Kullum yana iya ganin sarauniya tana tafiya a kan saƙa, ya ga inda ta sa ƙwai, ya lura da ranar, ya kuma jira ya ga abin da zai fito daga ƙwan.

Tambayar da ta gagari masana

A cikin amya akwai ƙuda iri uku. Akwai sarauniya guda ɗaya tak, wadda ita ce uwar kowa. Akwai ma'aikata, dubbai masu yawa, waɗanda dukansu mata ne amma ba sa barbara. Su ne masu ɗebo ruwan fure, masu gina saƙa, masu reno, masu harbi. Akwai kuma maza, ɗaruruwa kaɗan, masu kauri da manyan idanu, waɗanda ba su da ƙari kuma ba sa aikin kome sai jiran ranar barbara.

Mutanen dā sun ɗauka babban ƙudan nan sarki ne. Sai a ƙarni na 17 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Swammerdam ya feɗe shi ya tarar da mahaifar ƙwai a ciki, ya tabbatar mace ce. A 1792 wani makaho ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Huber, wanda baransa Burnens yake zame masa ido, ya wallafa cewa sarauniya tana barbara ne a waje, a sararin sama. Ya kuma lura cewa idan aka tsare ta ta yi jinkirin barbara fiye da mako uku, sai ta riƙa haifar maza zalla. Amma bai iya faɗin dalili ba. Tambayar ta tsaya a nan shekara hamsin: yaya uwa ɗaya take haifar mata a wannan gurbi, maza a wancan, kuma me ya sa jinkiri yake mai da 'ya'yanta duka maza?

Abin da Fada Yohanna ya gani

Fada Yohanna ba shi da madubin masana mai ƙara girman abu, sai idonsa da amyoyinsa. Ya lura da abubuwa uku waɗanda ba wanda ya taɓa haɗa su wuri ɗaya. Na farko, sarauniyar da aka haifa da naƙasassun fukafukai, wadda ba ta iya tashi ta je barbara ba, takan yi ƙwai duk da haka, ƙwan kuma yakan ƙyanƙyashe, amma maza ne kaɗai suke fitowa. Na biyu, tsohuwar sarauniya wadda ta shekara tana haifar ma'aikata, takan kai lokacin da take haifar maza zalla. Na uku, idan amya ta rasa sarauniya ta daɗe a haka, waɗansu ma'aikata sukan fara yin ƙwai, alhali ba su taɓa barbara ba, kuma nasu ƙwan ma maza yake bayarwa.

Sa'an nan ya duba cikin sarauniya kanta. A kusa da hanyar da ƙwai yake bi ya fita akwai wata 'yar jaka kewayayya, ba ta kai ƙwayar gero girma ba. A jikin sarauniyar da ba ta yi barbara ba, ruwan da ke cikin jakar garau yake. A jikin wadda ta yi barbara kuwa, fari ne kamar madara. Daga nan ya gane cewa wannan jaka rumbu ce. A lokacin barbara, irin namiji ba ya shiga ƙwai nan take. Ana tara shi ne a rumbun nan, sarauniya kuma tana ɗiba kaɗan kaɗan har ƙarshen ranta, kamar yadda manomi mai hankali yake ware iri ya adana, ya riƙa ɗiba sai lokacin shuka. Idan ƙwai ya zo wucewa ta bakin rumbu aka sakar masa iri, mace za ta fito. Idan aka bar shi ya wuce ba iri, namiji zai fito. Watau namijin zuma ba shi da uba. Yana da uwa, yana da kaka namiji ta wajen uwa, amma ba ƙudan da ya haife shi.

Da wannan bayani ɗaya abubuwa ukun nan suka warware, har da na Huber. Mai naƙasassun fukafukai da ma'aikaciya mai ƙwai ba su taɓa samun iri ba. Tsohuwa kuwa rumbunta ne ya ƙare. A shekara ta 1845 ya wallafa ra'ayinsa a cikin jaridar masu kiwon zuma ta Eichstatt, a ƙasar Babariya.

A nan ya kamata mu yi wa masu karatu tuni a kan abu ɗaya. Wannan haihuwa ba tare da uba ba tsari ne na halitta wanda Mahalicci ya sa a cikin ƙudan zuma da tururuwa da zanzaro da danginsu, yana kuma faruwa kowace rana. Ba a haɗa shi da asirin haihuwar Ubangijinmu Yesu Kristi daga Budurwa Maryamu, wanda aikin Ruhu Mai Tsarki ne da ya wuce tsarin halitta.

Gardama da hujja

Da maganar ta fita sai gardama ta kaure. Yawancin masana na wancan zamani sun tsaya a kan cewa ba ƙwan da zai zama rayayyen abu sai da irin namiji, suna kuma ganin firist na ƙauye ba shi da hurumin koya musu. Manyan masu kiwon zuma ma suka yi ta rubuce-rubuce suna ƙaryata shi. Ɗaya daga cikin masu shakka shi ne wani basarake mai suna August von Berlepsch, mai babban wurin kiwon zuma a Seebach. Amma shi mutum ne mai son gaskiya, sai ya ce zai gwada da kansa. Ya ɗauki sarauniya uku masu haifar ma'aikata ya sa su a ɗakin ƙanƙara har awa 36. Biyu suka mutu, ɗaya ta farfaɗo ta ci gaba da yin ƙwai, amma daga ranar maza zalla take haifa, domin sanyi ya kashe irin da ke rumbunta. Berlepsch ya juya ya zama babban mai kāre Fada Yohanna.

Shi kuma Fada Yohanna ya nemi hujjar da ido zai gani. Ƙudan zuman ƙasarsu baƙaƙe ne, na Italiya kuwa masu rawaya ne. A shekara ta 1853 ya sa aka kawo masa amya guda ta ƙudan Italiya daga garin Mira kusa da Benis, ya yawaita su. Sa'ad da sarauniya mai rawaya ta yi barbara da baƙin namiji, 'ya'yanta mata sai su fito da kamannin iyaye biyu a gauraye, amma 'ya'yanta maza sai su bi uwa kaɗai. Da baƙin namijin yana da hannu a cikinsu, ai da an ga alamarsa.

Hujja ta ƙarshe ta zo daga jami'a. A shekara ta 1855 Farfesa Karl von Siebold na Munik ya tafi Seebach da madubinsa mai ƙara girma, ya bincika sababbin ƙwai da aka ɗebo daga saƙa. A cikin ƙwai 52 na gurbin ma'aikata, ya ga ƙwayoyin maniyyi a cikin 30, ko da yake aikin yana da wuya ƙwarai, ƙwai da yawa sukan lalace wajen buɗewa. A cikin ƙwai 27 na gurbin maza kuwa, bai ga ko ɗaya ba. A 1856 ya wallafa littafi a kan wannan, ya ba firist ɗin Karlsmarkt gaskiya. Wani farfesa kuma, Rudolf Leuckart, ya yi nasa binciken ya goyi bayansa.

Yadda rumbun yake aiki

Masanan da suka biyo baya sun ƙara haske ƙwarai a kan abin da Fada Yohanna ya fara gani. Sarauniya takan fito daga gurbinta kwana 16 bayan an sa ƙwanta, ma'aikaciya kwana 21, namiji kwana 24. Idan sabuwar sarauniya ta yi kamar mako ɗaya, sai ta fita da rana tsaka ta nufi wani wuri a sararin sama inda mazan amyoyi da yawa suke taruwa. A can take barbara tana cikin tashi. Kowane namiji da ya same ta yakan mutu nan take, domin gaɓarsa takan tsinke ta zauna a jikinta. Takan yi irin wannan fita sau ɗaya ko biyu ko uku a cikin 'yan kwanaki, daga nan ba ta ƙara barbara har abada.

A nan akwai inda bincike ya gyara maganar Fada Yohanna. Shi da mutanen zamaninsa sun ɗauka da namiji ɗaya take barbara. Sai a shekarun 1950 aka tabbatar cewa da maza da yawa ne, yawanci tsakanin 10 da 20. Saboda haka ma'aikatan amya ɗaya uwarsu ɗaya amma iyayensu maza daban-daban, wannan bambanci kuwa yana taimakon amya wajen jure cuta da rarraba aiki.

Sarauniya takan komo gida ɗauke da ƙwayoyin maniyyi miliyoyi masu yawa, amma mafi yawansu zubewa suke yi. Waɗanda suke shiga rumbu kamar miliyan 5 zuwa 7 ne, gauraye daga dukan mazan. Faɗin rumbun kamar milimita ɗaya ne. Yana lulluɓe da ragar ƙananan bututun iska, yana kuma da 'yan gaɓoɓi biyu masu fitar da wani ruwa wanda yake ciyar da irin, ya tsare shi daga lalacewa. A ciki irin yakan lafa kamar mai barci, ya zauna da rai muddin sarauniya tana raye, watau shekara biyu ko uku, wani lokaci har biyar, alhali uban da ya ba da shi ya mutu tun ranar farko.

A bakin rumbun akwai wata 'yar tsoka mai aiki kamar famfo, wadda masani Ernst Bresslau ya bayyana a 1905. Ma'aikata suna gina gurbi iri biyu a saƙa, ƙanana domin mata, masu ɗan faɗi domin maza. Kafin sarauniya ta sa ƙwai takan cusa kanta da ƙafafunta na gaba a cikin gurbi. A 1970 masani Nikolaus Koeniger ya nuna cewa awon faɗin gurbin take yi da ƙafafun. Idan ƙarami ne, sai famfon ya saki 'yan ƙwayoyi kaɗan a kan ƙwan yana wucewa, su shiga ta wata 'yar ƙofa da ke kansa. Idan mai faɗi ne, sai bakin rumbu ya zauna a rufe. A lokacin yalwar fure takan sa ƙwai 1,500 ko fiye a yini ɗaya, tana buɗewa tana rufewa, da wuya ta yi kuskure. Da ba ta da tsimi, da rumbun ya ƙare tun shekarar farko.

Ƙwan da ya sami iri shi ne yake zama ma'aikaciya, shi ne kuma yake zama sarauniya. Abincin da aka ba tsutsar da irin gurbin da aka rene ta a ciki su ne suke raba su. Sa'ad da rumbun tsohuwa ya fara ƙarewa, ma'aikata sukan gina babban gurbi su reni sabuwa daga ƙwanta mai iri. Idan kuwa suka makara har ba sauran ƙwai mai iri, amyar takan cika da maza marasa aiki, ta rame, ta mutu. Mai amya da ya buɗe ya ga maza sun yi yawa, ma'aikata sun ragu, zuma babu, yanzu ya san ɗaya daga cikin dalilan.

Hasara da ɗaukaka

Kada a ɗauka hanyar ta zo masa da sauƙi. Ɓarayi sun taɓa sace masa amya 70, gobara ta cinye 60, ambaliya ta tafi da 24. Duk da haka a 1846 yana da amya 360. A 1848 wata muguwar cuta mai ruɓar da tsutsar zuma ta faɗa musu ta kashe kusan duka, sai kamar goma suka tsira. Bai karai ba. Daga goman nan ya sake yawaita su, kafin ƙarshen 1851 sun kusa 400.

A shekarar cutar ce ya fitar da littafinsa na farko a kan ilimi da aikin kiwon zuma. Daga 1854 zuwa 1856 ya riƙa buga jaridarsa ta kansa, a 1861 kuma ya wallafa babban littafinsa, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1882. Manoma matalauta da yawa sun sami abin rufin asiri ta wurin koyarwarsa. A Amurka wani fasto mai suna Langstroth ya ƙera tasa amyar mai firam a 1852, wadda ita ce tushen akwatin zuma da ake amfani da shi yau, shi ma ya yaba wa aikin Fada Yohanna a cikin littafinsa. Sarakunan Turai da dama sun ba shi lambobin girma, Jami'ar Munik kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1872.

Rabuwa da Ikilisiya

Yanzu mun zo sashe mai ɗaci na tarihinsa, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Fada Yohanna mutum ne mai tsayawa a kan ra'ayinsa, ba ya sunkuya wa kowa da sauƙi. Wannan hali ya taimake shi gaban masana, amma ya jawo saɓani tsakaninsa da shugabannin dayosis ɗin Breslau. Kafin shekara ta 1870 ta kama ya riga ya sauka daga riƙon farish, ko da yake ya ci gaba da zama a Karlsmarkt.

Ran 18 ga Yuli, 1870, Majalisar Batikan ta Farko, a zamanin Paparoma Piyus na 9, ta tabbatar da koyarwar cewa sa'ad da Paparoma ya tsaya a matsayinsa na makiyayin dukan masu bi ya yanke magana a kan bangaskiya ko ɗabi'a domin Ikilisiya duka ta riƙe, Ruhu Mai Tsarki yana tsare shi daga kuskure. A ƙasashen Jamusawa waɗansu malamai da firistoci suka ƙi karɓa, suka ware suka kafa ƙungiyar da ake kira Tsofaffin Katolika. Lokacin kuma gwamnatin Bismarck tana matsa wa Ikilisiya lamba ƙwarai. Fada Yohanna ya ƙi koyarwar a fili, ya bi masu warewa. A shekara ta 1873, zamanin Bishop Heinrich Forster, aka yanke shi daga tarayyar Ikilisiya.

Abin lura ne cewa wannan koyarwa ba ta shafi ƙwan zuma ko wani binciken halitta ba. Mutumin da ya saba gwada kowane abu da idonsa ya so ya auna al'amarin bangaskiya da mudun da yake auna na amya, alhali kowanne da nasa mudu. Haka ya zauna shekara 32 a waje. Duniya tana ta rataya masa lambobi, shi kuwa ba ya iya tsayawa gaban bagaden da aka naɗa shi dominsa.

Tsufa da komowa

A 1884 ya bar Karlsmarkt ya koma ƙauyen haihuwarsa, ya zauna tare da ɗan ɗan'uwansa, yana ci gaba da kiwon zuma da rubutu. Ko a tsufansa gardama ba ta bar shi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani malamin makaranta mai suna Ferdinand Dickel ya taso da cewa dukan ƙwan sarauniya suna da iri, ma'aikata ne suke mai da su maza ko mata. Mutane da yawa suka bi shi. Tsohon, yana gab da shekara 90, ya sake ɗaukar alƙalami ya kāre abin da ya gani. A 1901 binciken da Alexander Petrunkevitch ya yi a Jami'ar Freiburg ya sake ba shi gaskiya. Bayan rasuwarsa, a 1913, Hans Nachtsheim ya ƙirga zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikin zuma, waɗanda masana suke kira kuromosom, aka tabbatar mace tana da 32, rabi daga uwa rabi daga uba, namiji kuwa 16 kawai, duka daga uwa.

Amma babbar nasarar tsufansa ta wani wuri ta zo. A shekara ta 1905, yana ɗan shekara 94, ya sulhunta da Ikilisiya Katolika, aka karɓe shi cikin tarayya. Ya rasu ran 26 ga Oktoba, 1906, a Lowkowitz, yana da shekara 95, aka binne shi a can. A garin Kluczbork akwai gidan tarihi mai ɗauke da sunansa, inda ake nuna kayan kiwon zuma na dā da abubuwan da ya bari.

Abin da za mu ɗauka

'Yan'uwa, tarihin Fada Yohanna yana nuna mana cewa ƙaramin wuri ba ya hana babban aiki. Ba ya koyarwa a jami'a, ba shi da kayan bincike masu tsada, amma ya dubi abin da ke bayan gidansa da natsuwa shekara da shekaru, har farfesoshi suka zo suka tabbatar da maganarsa. Yaranmu da suke tambayar dalilin kowane abu da suka gani a gona, kada mu kwaɓe su. Mai duban halitta da gaskiya aikin hannun Mahalicci yake karantawa. A daren Ista, sa'ad da ake rera waƙar yabo a gaban babban kyandir, Ikilisiya kanta takan ambaci ƙudan zuma da suka yi kakinsa.

Tarihin yana kuma yi mana gargaɗi cewa wanda ya yi gaskiya a abu ɗaya yana iya ɗauka ya yi gaskiya a kome. Kusan kowane gida a cikinmu yana da wani da ya yi fushi da firist ko da 'yan majalisar coci ya daina zuwa, shekaru suna ta wucewa, kunya kuma tana ƙara nauyi. Kada mu fid da zuciya a kansu, kada kuma mu daina gaishe su da yi musu addu'a. Wanda yake waje kuma, idan wannan takarda ta kai hannunsa, ya sani ƙofar da ta buɗe wa tsoho mai shekara 94 a buɗe take dominsa, amma ba kowa ne ake ba shekara 94 ba.

Allah ya ji ƙan bawansa Fada Yohanna, ya ba shi hutawa ta har abada, ya sa haske madawwami ya haskaka shi. Amin.